Sukurun tagulla na kan famfon baho, yadda za ka hana shi cinyewa

Jama'a wannan ɗan sukurun da ke riƙe da wosha, wato 'yar robar da ke tare ruwa, a cikin kan famfon bahon wanka, shi ya sa na kusa canza famfo ɗungurugum a gidanmu nan Ƙofar Ƙaura. Famfo na ɗiga, na sa sukurudireba zan kwance sai kan sukurun ya marmashe kamar ƙuli-ƙuli, ragowar ya maƙale ciki, wallahi ranar raina ya ɓaci.

Tun wajen saye ake tafka kuskuren. In za ka shago ka tafi da maganaɗisu, ko na tsohuwar sifika ma ya isa. Tagulla ta gaske ba ta kama maganaɗisu, in ka ga sukuru ya manne to baƙin ƙarfe ne aka yi ma fenti ruwan tagulla, kuma in ka ɗaura shi a jikin famfon tagulla ruwa na taɓa su, shi zai fara cinyewa da sauri.

Ita kanta tagullar ba ta tsatsa irin ta ƙarfe amma tana da nata ciwon. Haɗi ce ta jan ƙarfe da zinki, ruwa na tsotse zinkin a hankali har ka ga ta yi ja-ja ta rasa ƙwari, wani lokaci kuma ta yi kore-kore. In ka ga jan nan kar ma ka maida, sayi sabo.

In za ka kwance sukurun ka duba, rufe ruwa daga tanki tukun, ka toshe ramin bahon da tsumma don sukuru in ya faɗa ya tafi kenan. Sai ka wanke zaren sukurun, wato zanen murɗi na jikinsa, musamman masu ruwan burtsatse da yake barin farin datti mai tauri, ka matsa lemun tsami ko binega ka bar shi kamar minti 10, ka goge da tsohon buroshin haƙori, ka ɗauraye sosai ka shanya ya bushe ƙayau. Kar ka bari ya kwana ciki, tsamin ma yana cin tagulla.

Babban sirrin dai giris ne, na silikon wanda masu gyaran famfo ke amfani da shi, ɗan kaɗan a zaren kafin ka ɗaura. Don Allah ban da girisin mota ko baƙin mai ko basilin, na ga masu yi, yana kumbura robar wosha ta lalace. Wajen ɗaurewa kuma a hankali, tagulla na da laushi, da ya zauna ka tsaya.

Mata kuma a taimaka, in an wanke baho da Hypo a ɗauraye famfon da ruwa mai yawa kar ya zauna a kai. Ni yanzu duk hunturu nake kwancewa in duba in ƙara giris.