Idan Injin Wanke Kwanuka Ya Daina Zafafa Ruwa

Alamun ba sa ɓuya: kwanuka su fito da maiƙo, sabulun bai gama narkewa ba, ko injin ya yi ta aiki ya ƙi ƙarewa. Nan take sai a ce hita ta ƙone. Kada ka yi saurin sayen sabuwa, domin sau da yawa lafiyarta ƙalau, wani abu ne ya hana ta kamawa.

Ka fara tabbatarwa. Zaɓi wankin digiri 65 ko 70, bayan kamar rabin awa ka buɗe ƙofar a hankali. In tururi ya taso, hita na aiki. In ruwan da sanyinsa, sai a shiga bincike.

Wuta ce abin dubawa na farko. Hitar yawancin waɗannan injina tana jan watt 1,800 zuwa 2,000 a kan volt 230. Idan wutar ta faɗi zuwa volt 180, abin da hitar za ta iya bayarwa bai wuce watt 1,200 da 'yan kai ba, shi ya sa ruwan ke daɗewa bai yi zafi ba. Ƙaramin janareta ma ba ya ɗaukarta. Injinan kamfanin Bosch kan nuna lambar matsala E27 idan wuta ta yi ƙasa. Ka auna soket ɗin da mitar gwajin wuta (multimeter) yayin da injin ke aiki, ka kuma duba filogi ko ya yi baƙi.

Sai ruwa. Injin ba ya kunna hita sai ya ga ruwa ya isa kuma yana zagayawa. Ciro matatar da ke ƙasa ka wanke ta da buroshi, ka tsokane ramukan hannayen feshi da tsinke. A kusa da matatar, a injina da yawa, akwai ɗan ido mai duba dauɗar ruwa ta hanyar haske. In maiƙo ya rufe shi, kullum gani yake ruwan na da dauɗa, sai wanki ya yi ta tsawo. Goge shi da tsumma mai laushi.

Kafin ka taɓa komai a ciki, zare filogi daga bango, ka rufe famfo. Wannan ba abin sakaci ba ne, ruwa da wuta ne wuri guda.

Cire wayoyi biyu na hitar, ka sa mita a kan ohm, wato awon turjiyar wuta. Mai lafiya takan ba da tsakanin 25 da 30. In mitar ba ta nuna komai ba, hitar ta yanke. Ka kuma gwada tsakanin kowace ƙafar hitar da ƙarfen jikin injin; nan bai kamata a ga komai ba, in an gani to tana zubar da wuta, dole a canza. A sababbin Bosch lambar matsalar hita E09 ce, kuma hitar a haɗe take da famfon da ke zagaya ruwa, tare ake canza su.

In hita ta ci jarrabawa, koma kan ma'aunin zafi, wanda masu gyara ke kira NTC. Ɗan ƙaramin abu ne manne da kwarin da ruwa ke taruwa. Adadin ohm ɗinsa ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, amma gwajin ɗaya ne: ciro shi, ɗora mita, ka tsoma bakinsa a ruwan ɗumi. Lambar ta riƙa sauka a hankali. In ta tsaya cak ko tana tsalle, ya lalace, kuma kuɗinsa bai kai na hita ba.

Masu amfani da ruwan burtsatse mai gartsi su lura da farin ɓawon da ke kama hita da ma'aunin. Shi ke sa hita ta ƙone da wuri. Kada gishirin injin, wato na musamman da ake zuba masa don rage gartsin ruwa, ya ƙare, kuma a riƙa wankin zafi babu kwanuka da maganin cire ɓawo lokaci-lokaci. Gishirin miya bai dace ba.

In duk waɗannan lafiya, saura allon sarrafa injin, inda ɗan makunnin da ke ba hita wuta kan ƙone ko dalmarsa ta tsage. Wannan kam a kai wa mai gyara, tare da lambar samfurin da ke gefen ƙofa.