Kurakuran da ke kashe mana sikirif a wasan MUD

Mu 'yan Garwa masu buga MUD, wasan intanet ɗin nan da babu hoto sai rubutu zalla, ba mu da yawa, amma kusan rami ɗaya muke faɗawa.

Babban kuskurenmu shi ne gwada tiriga, wato ɗan sikirif (umarnin da ka rubuta wa kwamfuta) da ke tashi da kansa idan wani layi ya fito a wasan, a tsakiyar faɗa. Ka rubuta wadda za ta sa ɗan wasanka ya sha magani idan jininsa ya yi ƙasa, sai ka je ka tsokano dodo don ka ga ko za ta tashi. Ta ƙi tashi, an kashe ka, ga data ta tafi a banza. Alhali kana iya jefa mata layin da take jira da hannunka a manhajar da kake wasa da ita: a TinTin++ da #showme, a Mudlet kuwa da feedTriggers, ka rufe layin da \n. Kwafo layin daga wasan yadda yake, kada ka rubuto shi da ka, don tazara ɗaya ta isa ta ɓata komai. Wani ƙanena ya kwana yana tsine wa sikirif ɗinsa, ashe da #echo yake gwaji, #echo kuwa nuna rubutu kawai yake yi, ba ya tayar da #action, wato tirigar TinTin++.

Sai matsalar da ta fi kama mu nan ƙasar Faransanci. Ka buɗe fayil a Word, ya mayar maka da alamun zance zuwa « », Lua, yaren da ake rubuta sikirif ɗin Mudlet da shi, ta ce ba ta san zancen ba. Yi amfani da editan rubutu zalla. A madannin AZERTY kuma, ^ da ke kusa da P ba ta fitowa sai ka danna wani maɓalli bayanta, shi ya sa take ɓacewa mutum bai lura ba. Ita ce ke sa tiriga ta kama kalmomin daga farkon layi kawai; idan babu ita a farkon tiriga, wani ɗan wasa na iya furta kalmomin a hira, naka ya hau shan magani ba gaira ba dalili.

Ka gyara kalmomin tiriga, ka sake loda fayil ɗin a TinTin++ da #read, tsohuwar tana nan daram, su biyun suna tashi tare. Zuba tirigoginka cikin #class ɗaya, wato rukuni mai suna, ka kashe shi kafin ka sake lodawa.

Ni dai tun ranar da aka ɗauke wuta na rasa aikin awa uku, a fayil nake rubutu, gyara ɗaya ajiya ɗaya, sannan gwaji.