Yadda ake karanta gwajin jini idan ana zargin garkuwar jiki da lalata hanta

Akwai ciwon hanta wanda ba ƙwayar cuta ce ke haddasa shi ba, ba kuma giya ko magani ba. Garkuwar jikin mutum ce take juyowa ta far wa hantarsa. Likitoci sun kasa shi gida uku, waɗanda ake kira da gajerun sunayensu na Turanci: AIH, PBC da PSC. A AIH ƙwayoyin hantar ne da kansu ake kai wa hari, a PBC ƙananan magudanan ruwan matsarmama da ke cikin hanta ne suke lalacewa, a PSC kuma magudanan ciki da na wajen hanta ne suke kumbura suna tsukewa. Garkuwar takan bar sinadarai a cikin jini, waɗanda ake kira antibodi, kuma su ake nema a ɗakin gwaji. Sai dai samunsu kaɗai ba ya tabbatar da ciwo, don haka dole a bi abin daki-daki.

A fara da gwajin aikin hanta na yau da kullum. Idan ALT da AST, sinadaran da ke ƙaruwa a jini idan ƙwayoyin hanta sun lalace, su ne suka yi tashin gwauron zabi, hankali ya karkata ga AIH. Idan kuwa ALP da GGT, waɗanda ke hawa idan matsalar ta magudanan matsarmama ce, su ne suka fi tashi, musamman ga mace mai matsakaicin shekaru da ke fama da ƙaiƙayi da kasala, sai a yi tunanin PBC. A haɗa da gwajin IgG da IgM, wato manyan rukunan antibodi biyu da ake auna yawansu a jini, domin na farkon yakan hau a AIH, na biyun kuma a PBC.

Kafin a kashe kuɗi a kan antibodi, wajibi ne a kawar da abin da ya fi yawa. A Najeriya da Nijar ciwon hanta nau'in B ya zama ruwan dare, saboda haka duk mai shawara ko kumburin hanta a fara yi masa gwajin HBsAg, wato na nau'in B, da na nau'in C. Dalilin ba na tattali ba ne kawai: masu ɗauke da waɗannan ƙwayoyin cuta, har da masu kitse a hanta, sukan nuna wasu antibodin kaɗan-kaɗan, wanda kuma aka ɗora a kan maganin danne garkuwa alhali nau'in B ne ke damunsa, ciwonsa na iya tashi da ƙarfi. A kuma tambayi mara lafiya duk abin da yake sha. Nitrofurantoin na sanyin mafitsara, da minocycline, da methyldopa na hawan jini, duk suna iya jawo kumburin da ya yi kama da AIH. A tambaye shi batun jiƙe-jiƙe da sassaƙe cikin lumana, domin mutane da yawa ba sa faɗa sai an sake musu fuska.

Sai kuma karanta takardar sakamako, wadda ita ce ta fi rikita mutane. Ana yin gwajin ne ta hanyar ɗiga ruwan jinin a kan siraran yankan ƙoda da ciki da hantar ɓera, a duba da madubin likita mai haske na musamman, ko kuma a yi amfani da wata hanyar gwaji da sinadarai mai suna ELISA. Lambar da ake gani kamar 1:40 ko 1:160 tana nuna yawan sirkin da aka yi wa ruwan jinin amma duk da haka aka ga antibodin. 1:160 ya fi 1:40 ƙarfi. Takardar da aka rubuta mata "an samu" kawai ba tare da wannan lamba ba, amfaninta kaɗan ne, kuma ya dace a koma a nemi cikakken bayani.

Ga AIH ana neman antibodin da ake kira ANA da SMA, waɗanda ke nuna nau'i na ɗaya, da kuma LKM1 da LC1, waɗanda ke nuna nau'i na biyu da aka fi gani a yara da matasa. ANA ba ta keɓanta da hanta ba, ana samunta a ciwon gaɓoɓi irin na garkuwa, har ma a jikin masu ƙoshin lafiya, musamman idan lambar ƙarama ce. Wadda ta fi kowacce nuna AIH kai tsaye ita ce SLA, amma marasa lafiya kaɗan ne ke da ita, don haka rashinta ba ya wanke kowa. A shekarar 2008 ƙungiyar ƙwararru ta duniya a kan wannan ciwo ta fitar da sauƙaƙan ma'auni na maki: ANA ko SMA a 1:40 maki ɗaya ne, a 1:80 maki biyu, IgG da ya haura iyaka maki ɗaya ko biyu, abin da aka gani a tsokar hanta maki ɗaya ko biyu, rashin ƙwayar cutar hanta maki biyu. Maki 6 na nufin akwai yiwuwar ciwon sosai, 7 kuma ya tabbata. Wanda ya lissafa zai ga cewa antibodi ba ta ba da fiye da maki biyu, kuma ba a kaiwa 7 sai an tsakuri tsokar hanta an duba. A yara ana ɗaukar ƙananan lambobi da muhimmanci, 1:20 ga ANA da SMA, 1:10 ga LKM1. Akwai kuma masu ciwon da ba a samun ko ɗaya daga cikinsu a farko, shi ya sa ake maimaita gwajin idan zargin yana da ƙarfi.

PBC ta fi sauƙin ganewa. Tun 1965 aka gano alaƙarta da antibodin da ake kira AMA, wadda ake samu a wajen fiye da kashi 90 cikin 100 na masu ciwon. Idan ALP ya daɗe a sama, AMA kuma ta kai 1:40, an kuma tabbatar da hoto cewa ba toshewar magudana ba ce, galibi ba a buƙatar tsakurar hanta. Idan ba a sami AMA ba, a nemi wasu antibodin biyu, gp210 da sp100. PSC kuwa ba ta da antibodin da za a dogara da ita. Akan ga wani nau'in ANCA, amma hoton magudanan matsarmama na MRCP ne ke yanke hukunci, kuma da yake mafi yawan masu ita suna da kumburin babban hanji, akan leƙa hanjin da na'ura ko da ba su da gudawa.

Wajen bibiyar ciwo ne aka fi yin asarar kuɗi, domin wasu sukan maimaita antibodi duk zuwa asibiti suna jiran su ga ta ɓace. A manya, hawa da saukar lambarta ba sa tafiya daidai da halin da hanta ke ciki. Mai AIH da ke shan magungunan danne garkuwa, wato prednisolone da azathioprine, ALT da AST da IgG ake bi, burin kuma shi ne su dawo daidai su zauna. Ba a maganar janye magani sai sun yi aƙalla shekara biyu a haka, kuma mai SLA ya fi saurin komawa ciwo idan an janye. A yara ne kawai lambar antibodi take ɗan taimakawa wajen bibiya. Mai PBC kuma, wanda ake ba ursodeoxycholic acid miligiram 13 zuwa 15 ga kowane kilo na nauyinsa a kullum, ALP da bilirubin, wato sinadarin da ke jawo shawara, ake dubawa bayan wata 12 don a san ko maganin ya karɓe shi. AMA takan ci gaba da zama a jininsa ko da yana samun sauƙi, gp210 kuma idan an same ta tun farko tana nuna cewa a ƙara sa ido, domin ciwon masu ita ya fi saurin ci gaba. Yana da kyau mara lafiya ya adana duk takardunsa wuri ɗaya bisa jerin kwanan wata, ya kuma riƙa yin gwaji a ɗaki ɗaya idan da hali, saboda iyakar lambobin kan bambanta daga wannan ɗakin gwaji zuwa wancan.