Daga Birnin Kebbi Zuwa Bakin Teku da Motar Kwana

Motar kwana ba sai an sayo ta daga Turai ba. Tawa tsohuwar Hiace ce da na sa aka cire mata kujerun baya, kafinta ya buga katako, katifa a sama, jarkokin ruwa da tukunyar gas a ƙasa. Ka haɗa da gidan sauro, shebur, igiyar jan mota da famfon taya. Tekun da nake kai iyalina ta Jamhuriyar Benin ce, tsakanin Disamba da Fabrairu, kafin ruwan kudu ya sauka.

Fara da takardu: fasfo, katin rigakafin shawara, inshorar mota ta ECOWAS, sai takardar shigar da mota da kwastan ke bayarwa a kan iyaka. Ka riƙe sefa a aljihu.

Ta Bagudo da Ka'oje ake bi zuwa Tsamiya, a tsallaka Segbana, a nufi Kandi. Kafin ka tashi, je tasha ka tambayi direbobi halin hanya da na iyaka. Arewacin Benin na fama da 'yan bindiga, don haka ban yarda da tafiyar dare a nan ba, balle kwanan daji. Kwana cikin gari, a harabar masauki mai maigadi. Idan kana jin Dandanci irin na Kamba, a Kandi kamar gida kake.

Daga Kandi sai ka yi kudu zuwa Paraku. Daga Paraku zuwa Kwatano ya haura kilomita 400, kada ka yi shi a zama ɗaya. Yada zango a Dasa, garin da ake yi wa kirari da duwatsu 41. Hau da sassafe tare da ɗan gari, domin wasu wuraren na tsafinsu ne, ba a taka su haka kawai.

Wida tana da nisan kilomita 40 a yamma da Kwatano. Akwai kurmin Kpase mai manyan itatuwan loko, akwai kuma ƙofar tunawa da bayin da aka kwashe, wadda aka gina a 1995. Ka tsaya can da yaranka, ka ba su labarin.

Gran Popo, gaba da Wida ta yamma, ita ce inda nake son ka daɗe. Tudun rairayi ne dogo, itatuwan kwakwa a jere, teku a gaba, kogin Mono a baya. Rairayin nan ga ido a daskare yake, amma taya na hawa sai ya buɗe baki. Ajiye mota a ƙasa mai tauri bayan kwakwa, nesa da inda ruwa ya bar jiƙa, ba kuma ƙarƙashin itace mai 'ya'ya ba. In ta kafe, ɗaga ƙafa daga totur, sace iskar taya, haƙe gabanta, shimfiɗa ganyen kwakwa, sannan ka ja a hankali. Je wurin masunta ka gaishe su, ka nemi izinin kwana. Su ne za su tura maka mota, su kuma sayar maka da kifin safe.

Kada iya ruwan Matan Fada na Argungu ya ruɗe ka. Igiyar tekun nan tana fizgar mutum ta ƙasa, ko gwani ne. Iyakarka idon sawu, yara kuma hannunsu cikin naka.

Ranar dawowa, kai motar wurin wanki a fesa mata ruwan daɗi ta ƙarƙashi, domin gishirin teku yana cin ƙarfe.