Babur ɗin farko: abin da za ka duba kafin ka ƙirga kuɗi

Hanyar da za ka riƙa bi kullum ita ce ya kamata ta zaɓa maka babur. Ma'aikacin da zirga-zirgarsa ba ta wuce cikin Birnin Kebbi, daga gida zuwa ofis kan kwalta, buƙatarsa daban take da ta manomin da zai riƙa sauka fadamar Argungu da buhun taki a baya, ko mai bin burji tsakanin ƙauyukan Zuru. Ka fara amsa wa kanka wannan tun kafin ka taka shagon dila.

Sabon mahayi ya tsaya tsakanin inji mai ƙarfin 100 zuwa 125cc. Abin da ya haura haka nauyi ne da shan mai, kuma totur ɗinsa yana da saurin amsawa, hannun da bai saba ba zai iya murɗawa ya tsinci kansa a kwata. Roba-roba ya fi sauƙin koyo domin ba shi da kuloci na hannu, ga shi mara nauyi. Amma cikinsa yana kusa da ƙasa, tankinsa ƙarami ne, robobinsa kuma ba sa jure faɗuwa. Na cikin gari ne. Mai shiga yashi da gargada, ko mai niyyar kabu-kabu, ya nemi mai kuloci irin su Bajaj Boxer ko TVS, ya haƙura da wahalar koyo ta mako ɗaya ko biyu.

Ka hau ka zauna tun babur yana tsaye. In tafin ƙafafunka biyu ba su taɓa ƙasa sosai ba, ya yi maka tsawo. Ka kwantar da shi kaɗan gefe ka ɗago, ka tura shi baya, ka ɗora shi kan babban sitan. In ka kasa wannan a gaban shago, ba za ka iya ba ranar da ya mutu maka a cikin taɓo.

Daga nan ka je wurin bakaniken unguwarku, ka tambaye shi wane babur ya fi gyarawa, kuma kayan wanne ake samu a garin nan ba sai an aika Sakkwato ko Kano ba. Babur ɗin da sai an yi mako ana jiran fistin ɗinsa ba na mai babur ɗaya ba ne, komai kyansa. Dalilin yawan Boxer a karkara ke nan: fulogi, wayar kuloci, sarƙa da takalmin birkinsa suna nan a kusan kowace kasuwa, daga Jega har Yawuri.

In kuɗi sun kai, sabo ya fi kwanciyar hankali. In na hannu ne, nan ake buƙatar natsuwa, kuma ka tafi da bakaniken da kai ka ɗauko, ba wanda dillali ya kira ba. Ku je da safe, ka taɓa injin da hannu. In ka ji shi da ɗumi, an riga an tayar da shi kafin zuwanku, wataƙila don a ɓoye cewa yana wuyar tashi. Lafiyayyen inji mai sanyi yana tashi da kik ɗaya zuwa uku. Da ya tashi, ka koma bayan salansa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi alama ce ringi ya cinye, injin yana ƙona baƙin mai, aikin buɗe inji ne ke jiranka. Baƙin hayaƙi yawanci daga kafireta ne ko matatar iska da ta toshe, wannan gyaransa da sauƙi. A kwance fulogi: kansa ya zama ruwan ƙasa a bushe, ba baƙi mai maiƙo ba. Ka zaro ma'aunin baƙin mai ka murza tsakanin yatsu. Wasu suna zuba mai kauri fiye da kima don ya danne ƙarar ƙarfe, to a bar injin ya yi minti goma yana aiki, ƙarar za ta fito.

Jikin babur ma yana faɗin irin aikin da ya yi. Wanda ya shekara yana dakon buhunan shinkafa za ka ga shokozobansa na baya sun zauna, wani lokaci da walda a ƙarƙashin kujera ko a wuyansa kusa da tanki. Walda a wuya kuwa, ka bar shi ko nawa aka rage, domin babur ɗin da ƙashinsa ya karkace ba ya tafiya daidai, kuma a guje yake nuna halinsa. Ka kama tayar baya ka girgiza hagu da dama. In tana wasa, boris ko bushin ya tafi. Haƙoran sufuroket, wato faifan da sarƙa ke hawa, in sun yi tsini sun lanƙwasa, sai an canza su tare da sarƙa. A gefen taya akwai lamba huɗu ta lokacin ƙira: 2322 na nufin mako na 23 a shekarar 2022. Taya da ta wuce shekara biyar a zafin watan Afrilu na Kebbi abin tsoro ce ko da zanenta bai goge ba. Sannan bakanike ya hau ya sa babbar giya ya murɗa totur. In inji ya yi kuka gudu bai ƙaru ba, faifan kuloci sun ƙare.

Takardu sun fi duk wannan nauyi. Jihar Kebbi tana iyaka da Nijar da Jamhuriyar Binin, babura suna shigowa ta wajen Kamba da sauran hanyoyi, ba duka ne aka biya musu kuɗin kwastan ba, ga kuma na sata. Ka karɓi rasit na asali da takardar kwastan, ka duƙa da kanka ka karanta lambar inji da ta shasi, ka gwada su da abin da ke rubuce harafi bayan harafi. Inda ka ga alamar goge ko sabon bugu a kan lambar, ciniki ya ƙare. A rubuta yarjejeniya da shaidu biyu da lambar wayar mai sayarwa. A wannan yanayi na tsaro, babur mara lamba da takarda yana iya jawo maka tambayoyi masu tsawo a shingen jami'ai.

Kada kuɗinka su ƙare a kan babur ɗin kansa. Ka ware na rajista da lamba, inshora, lasisin tuƙi rukunin A, kwaɗo mai kauri, da hular kwano mai igiya a haɓa, ba irin ta leburori ba.

Sabon inji yana son a lallaɓa shi. A kilomita 1,000 na farko kada ka wuce gudun kilomita 50 a awa, kada ka yi goyon kaya mai nauyi. Ka juye baƙin mai a kilomita 500, domin a lokacin yake ɗauke da garin ƙarfe. Bayan nan kada ka haura 2,000 ba ka canza ba. Sarƙa ta riƙa wasa kamar santimita biyu zuwa uku a tsakiya, in ta yi tauri tana cin boris, in ta saki tana iya fita. Da hunturu ya shigo, a riƙa buɗe matatar iska ana tsabtacewa duk mako biyu.