Kurakuran da matafiya suka fi yi wajen neman matsayi mafi girma a kamfanonin jiragen sama

Tun daga shekarar 1981, lokacin da kamfanin American Airlines ya ƙaddamar da shirinsa na AAdvantage, kamfanonin jiragen sama suke jera fasinjojinsu hawa-hawa, suna bai wa waɗanda suka fi yawan tafiya da su wasu alfarma da sauran jama'a ba sa samu, kamar shiga jirgi kafin kowa, da ƙarin kaya kyauta, da zama a falon manyan fasinjoji, da layin waya na musamman idan an sami matsala. Mataki na ƙoli a cikin waɗannan shirye-shirye yana da daɗi, kuma duk wanda ya taɓa ɗanɗana shi ba ya son ya sauko. Abin da nake gani shi ne yana da riba ga mutumin da tafiye-tafiyensa suka kai shi can da kansu, amma wanda sai ya ƙago tafiya ko ya ƙara kuɗi daga aljihunsa kafin ya kai, galibi yakan biya fiye da abin da zai karɓa. Yawancin kurakuran da ake yi daga rashin bambance waɗannan mutane biyu suke tasowa.

Kuskuren farko shi ne yin aiki da tsohon lissafi. A da, nisan tafiya ake ƙirgawa, saboda haka mai wayo yakan nemi tikiti mai araha zuwa gari mai nisa, ya tara dubban mil da kuɗi kaɗan. Manyan kamfanoni da yawa sun rufe wannan ƙofa, sun koma duba abin da fasinja ya kashe. Delta ya shigo da sharaɗin kuɗi a 2014, kuma daga 2024 kuɗin ne kaɗai ma'auninsa. A watan Satumban 2023 ya sanar da cewa matsayin Diamond, wato matakinsa na ƙoli, zai buƙaci dala 35,000 a shekara, fasinjoji suka yi ca a kansa, bayan wata guda ya rage zuwa dala 28,000. American ya koma tsarin maki a 2022, inda matakinsa na ƙoli, Executive Platinum, ke buƙatar maki 200,000. British Airways ma ya bi sahu daga Afrilun 2025, ya ɗora matsayin Gold a kan maki 20,000, alhali kuwa asalin ƙa'idar ita ce maki ɗaya kan kowane fam ɗaya na kuɗin tikiti, ban da harajin gwamnati. Gyaran wannan kuskure mai sauƙi ne: kafin mutum ya tsara komai, ya karanta ƙa'idar shekarar da yake ciki daga kamfanin kansa, domin shawarar da wani ya ba shi shekaru biyar da suka wuce mai yiwuwa ta riga ta zama tarihi.

Kuskure na biyu, wanda a ganina ya fi kowanne cin kuɗin mutane, shi ne ɗaukar cewa duk alherin yana can ƙoli. Idan aka zauna aka jera abubuwan da matafiyi yake amfani da su a kowace tafiya, za a tarar mafi yawansu matakin tsakiya ya riga ya bayar da su. A ƙawancen kamfanonin jiragen sama na Star Alliance, wanda aka kafa a 1997, matakai biyu ne kawai, Silver da Gold, kuma mai riƙe da Gold yana samun falon hutawa tare da baƙo ɗaya, da layin tantance tikiti na musamman, da shiga jirgi da wuri, da ƙarin kaya. Fasinjan kamfanin United da ya kai matakin tsakiya na Premier Gold da wanda ya kai matakin ƙoli na Premier 1K duk Star Alliance Gold suke a idon Lufthansa ko Singapore Airlines ko Ethiopian Airlines, ƙofar falo ɗaya za su shiga, layi ɗaya za su bi, ga shi kuwa a ƙa'idar 2025 na farkon maki 12,000 yake buƙata idan da kuɗi zalla zai kai, na biyun kuma maki 28,000. Haka abin yake a ƙawancen oneworld, wanda American ke ciki, inda matakin Emerald ke buɗe falon aji na farko: a shirin American, mai Platinum Pro da ya tara maki 125,000 ya riga ya zama Emerald, ba sai ya kai 200,000 ba. Abin da ƙoli yake ƙarawa a kai shi ne fifiko wajen ɗaga fasinja zuwa kujerun gaba, da ƙarin mil, da kulawa ta musamman idan tafiya ta lalace. Waɗannan suna da daraja, amma mutum ya tambayi kansa ko sun kai ratar maki 16,000, wato kusan dala 16,000, da ke tsakanin matakan biyu na United. Hanyar gyara ita ce a auna ratar da ke tsakanin mataki da mataki, a ga abin da ƙarin kuɗin kaɗai zai saya, a daina auna ƙoli da wanda ba shi da komai.

Daga nan sai kuskuren ƙiyasta alfarma da farashin da kamfani ya ɗora musu. Mutum zai ce an yafe masa kuɗin jaka biyu a kowace tafiya, ya ninka da adadin tafiyoyinsa, ya ga lamba mai faranta rai, alhali shi kullum da ƙaramar jakar hannu yake tafiya. Wani zai lissafa shiga falo da farashin da ake sayar da ita a bakin ƙofa, ko da yake da an bar shi da aljihunsa ba zai taɓa biyan wannan kuɗi don kofin shayi da kujera ba. Darajar kowace alfarma ita ce abin da mutum zai yarda ya biya da hannunsa in babu matsayin. A ƙaddara matafiyi yana tashi sau ashirin a shekara, kuma abin da yake damunsa da gaske shi ne kujera mai wurin miƙe ƙafa da wurin zama mai natsuwa kafin tashi. Kujerar ana sayar da ita a kowane tikiti, falon kuma ana samun sa ta shirye-shirye irin su Priority Pass ko ta wasu katunan banki, kuma sau da yawa jimillar kuɗin waɗannan ba ta kai rabin abin da zai ƙara don ya haura mataki ba. Akwai ma wani abin dariya a nan: wanda ya saba sayen tikitin ajin 'yan kasuwa, wato wanda ya fi kowa saurin kaiwa ƙoli a sabon tsari, tikitinsa ya riga ya ba shi falo da ƙarin kaya da shiga da wuri, don haka matsayin kusan maimaita masa abin da ya saya yake yi.

Batun ɗaga fasinja zuwa kujerun gaba kyauta shi ne babban abin da ke jan mutane, kuma shi ne inda aka fi cizon yatsa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar shiga jirgi a babban filin jirgin sama na Amurka da safiyar Litinin ya san yadda abin yake. Allo yana nuna jerin sunaye a taƙaice, kujeru biyu ne suka rage a gaba, mutum yana riƙe da kati mafi girma a shirin, amma sunansa na goma sha ɗaya, domin duk waɗanda ke sama da shi irin katin suke riƙe da shi, wasu ma suna cikin matakan da sai da gayyata ake shiga, irin su Global Services na United, da ConciergeKey na American, da Delta 360. Kafin ma a kai ga wannan jeri, kamfanin ya riga ya aika wa fasinjoji saƙo a waya yana tallata musu kujerun a farashi mai rahusa, wanda ya biya kuwa ya sha gaban wanda yake jira. Ƙari a kan haka, wannan al'ada ta ɗagawa kyauta ta fi ƙarfi ne a tafiye-tafiyen cikin gida na Amurka. Yawancin kamfanonin Turai da Asiya da Gabas ta Tsakiya ba sa alkawarta ta, sai dai idan ajin baya ya cika suka rasa inda za su sa mutane. Wanda kujerar gaba ce burinsa ya fi dacewa ya ware kuɗin da zai kashe wajen bin matsayi ya saye ta a dogayen tafiyoyin da jikinsa ya fi buƙatarta.

Akwai kuma tafiyar ƙarshen shekara, wadda mutum yake yi ba don yana da abin yi a can ba sai don ya cike gurbin maki. Zai tashi ranar Asabar, ya sauka a wata ƙasa, ya zauna awa uku a filin jirgi, ya juyo. Ba zan ce kullum wauta ba ce, domin idan abin da ya rage kaɗan ne, kuma mutum ya tabbata baɗi zai yi tafiya da yawa, lissafin yana iya fita. Inda ake kuskure shi ne mantawa da cewa matsayin da aka nema a bana a baɗi ake cin moriyarsa. Wanda aka canza wa aiki, ko ya gama kwangilar da take sa shi yawo, ko aka yi masa haihuwa ya rage fita, zai wayi gari da kati mai ƙyalli da babu inda zai nuna shi. Kafin a sayi irin wannan tikiti, a ƙirga tafiyoyin da aka tabbatar na watanni goma sha biyu masu zuwa, a raba kuɗin a kansu, sannan a sa ranakun hutun da za su salwanta a cikin lissafin.

Wasu kurakuran ƙanana ne, amma suna faruwa kullum. Mutane suna rikita mil ɗin da ake sayen tikiti da su da makin da ake hawa mataki da su, alhali asusu biyu ne daban. Wasu suna warwatsa tafiyoyinsu a shirye-shirye huɗu ko biyar, su tashi ba su kai ko'ina ba, ga shi kuwa tafiya da kowane kamfani na cikin ƙawance ɗaya ana iya zuba ta a asusu ɗaya. Wasu kuma suna sayen tikiti mafi araha ba su duba sharaɗinsa ba, kamar na Delta mafi ƙasa, wanda ba ya kawo mil ko makin matsayi. Masu matsayi a United da American su ma sukan yi mamaki idan aka mayar da su daga ƙofar falo a tafiyar cikin gida, domin katin nasu yawanci a tafiyar ƙasa da ƙasa yake buɗe ta.

Kuskuren da ba a cika ganinsa ba, saboda ba ya zuwa da rasit, shi ne farashin biyayya. Da zarar mutum ya sa matsayi a ransa, sai ya daina kwatanta farashi, ya ƙi jirgin da zai kai shi kai tsaye ya zaɓi mai yada zango, ya biya ƙarin kuɗi a kowane tikiti yana cewa ai makin zai rama. Wannan ɗabi'a ita ce dalilin kafa shirye-shiryen tun farko, kuma darajarsu ga kamfanoni ta fito fili lokacin annobar korona, inda United ya jinginar da shirinsa na MileagePlus ya karɓi bashin dala biliyan 6.8 a 2020, Delta ya karɓi biliyan 9 a kan SkyMiles a shekarar, American kuma ya karɓi biliyan 10 a 2021. Kamfanin ne yake rubuta ƙa'ida, kuma yana da ikon sauya ta duk lokacin da ya ga dama. Maganin da na ga yana aiki shi ne mutum ya riƙa rubuta, a duk lokacin da zai sayi tikiti, farashin da ya biya da mafi arahar da ya bari mai kyau irinsa, da awannin da ya ƙara a hanya, sannan a ƙarshen shekara ya haɗa jimilla ya ga ainihin abin da katin ya ci masa.

Duk da haka, akwai wanda ƙoli yake yi wa amfani na gaske, kuma kuskure ne shi ma a raina hakan. Ma'aikacin da ofishinsa ke biyan tikiti, wanda yake tashi kusan kowane mako daga filin da kamfani ɗaya ya mamaye, ba ya asarar komai idan ya tattara tafiyarsa wuri guda. Ranar da hadari ya sa aka soke jirage, mutane ɗaruruwa suka yi layi a gaban tebur ɗaya, shi waya zai ɗaga a amsa masa cikin mintuna, a nemo masa kujera a jirgi na gaba kafin sauran su kai rabin layi. Irin wannan mutum ya kamata ya duba matsayin da ba ya ƙarewa, kamar Premier Gold na har abada da United ke bai wa wanda ya yi tafiyar mil miliyan ɗaya da jiragensa, kuma idan aiki ya mayar da shi garin da wani kamfani ya fi ƙarfi, ya fara tambayar sabon kamfanin ko zai ba shi matsayi kwatankwacin wanda yake riƙe da shi na ɗan lokaci, domin da yawansu suna yin hakan da sharaɗin ya yi wasu tafiyoyi cikin watanni kaɗan.