Darasi na 9: Kazar Gidan Gona da Ta Takure

Idan ƙwai ya ja baya, ko Sallah ta matso, masu gidajen gona a Katsina da Daura kan fitar da tsofaffin kajin ƙwai su sayar da araha. Wasu na yanka ne, wasu kuwa mata kan saya su ajiye, tunda da yawansu ba su daina ƙwai ba. Wannan darasi naki ne, ke da kika kawo irin wannan kaza gida, kika ga ta raɓe a lungu ta ƙi ci, ta ƙi motsi.

Ki fara sanin inda ta fito. Takan soma ƙwai tana da kamar wata 5, a sayar da ita ta kai shekara ɗaya da rabi. Sau da yawa duk wannan zama a kejin waya ta yi shi, ita da 'yan uwanta, ba wurin buɗe fiffike. Ba ta san tono ba, ba ta san rana ba. Shi ya sa gashin wuyanta ya zube, faratanta suka yi zaƙo-zaƙo, zankonta ya koɗe ya kwanta. Ƙashinta ma ba ƙwari, domin sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi shi ne ke tafiya wajen yin ɓawon ƙwai. Don Allah kada ki ɗauke ta ta ƙafa, kai a ƙasa, yadda ake yi a kasuwa. Ki sa hannu biyu, ki haɗe fikafikan da jikinta.

Ki ware ta aƙalla mako 2. Kajin gida za su yi ta sarar fatar da ba gashi, kuma idan da cuta a jikinta za su ɗauka. A samar mata akurki a inuwa, da shimfiɗar ƙaiƙayi busasshe. Idan hunturu ne a kare mata iska da buhu, domin ba ta da gashin da zai riƙe ɗumi.

Ruwa kafin abinci. A keji da yawansu daga bututu suke sha, ba su san kasko ba. Ki zuba ruwa mai tsabta da ɗan sukari, ki tsoma ƙarshen bakinta kaɗan, ki sake ta. Kada ki ɗura mata, za ta shaƙe.

Abincin da ta saba shi za ki fara ba ta, wato abincin kajin ƙwai na buhu. Ki sayi ko da mudu ɗaya ne, ki jiƙa shi ya yi laushi, ki sa a kwano mai ɗan zurfi, saboda an datse mata baki tun tana ɗan tsako, tsince a ƙasa yana yi mata wuya. Dafaffen ƙwai da aka marmasa yakan jawo ta ga ci. Gero da dusa da ganyen zogale su biyo baya, sannu a hankali, tare da ɓawon ƙwai gasasshe da aka daka.

Da safe ki taɓa gindin wuyanta, inda abinci ke taruwa. Ya kamata ya kwana ya saɓe. Ki buɗe ƙarƙashin fiffike ki duba ƙwarƙwata, ki ajiye mata yashi da toka ta yi birgima.

Tsoro kaɗai yakan wuce cikin 'yan kwanaki. Amma idan kika ga koren zawo, ko numfashi da baki buɗe, ko wuya ya murɗe, wannan cuta ce, kuma ta fi yawa da hunturu. Idan fuska ta kumbura, zanko ya yi baƙi-baƙi, kaji suna faɗuwa farat ɗaya, ana jin tsoron murar tsuntsaye, wadda ta fara ɓulla a Najeriya a 2006 a jihar Kaduna. Kada a yanka a ci, kada a kai kasuwa. A hana yara taɓa ta, ki wanke hannu da sabulu, a sanar da likitan dabbobi ko malamin gona a ranar. Kafson mutane ba maganin kaza ba ne. Idan likita ya ba da magani, ki tambaye shi: "Likita, kwana nawa za mu dakata kafin mu ci ƙwanta?"

Aikin gida: Rubuta ranar da kika kawo kazar. Ƙirga kwana 14 gaba, ki rubuta ranar da wariyarta za ta cika.